Yadda Ake Riƙe Ingancin Abinci, Abin Sha da Hidima a Gidan Abinci na Tsakiyar Gari

Gidan abincin da ke tsakiyar gari, ko a titin Murtala Muhammad yake a Kano, ko a titin Ahmadu Bello a Kaduna, ko a Wuse 2 a Abuja, mutanen da suke dawowa kullum ne suke riƙe da shi. Akwai ma'aikacin banki da aka ba minti 40 ya ci abinci ya yi sallah, akwai ɗan kasuwar da ya bar yaro a bakin shago, akwai kuma magidancin da yake kawo iyalinsa duk ƙarshen mako. Abin da ke dawo da waɗannan mutane shi ne tabbacin cewa miyar da suka sha ranar Litinin ita za su tarar ranar Alhamis, da ɗanɗanonta da zafinta da yawan namanta, kuma ba za a zaunar da su fiye da yadda suka saba ba. Yawancin gidajen abincin da suke buɗewa da armashi sannan ciniki ya ja baya cikin shekara guda, rashin wannan tabbacin ne yake kayar da su, domin dafa abinci mai daɗi rana ɗaya ba shi da wuya, maimaita shi kowace rana ne aikin. Abin da ke tafe shawara ce ga mai gida da manajansa a kan yadda za su kai ga haka.

Ka fara daga kasuwa

Ingancin abinci a wurin sayayya ake samunsa ko a rasa shi. A Kano, mai gidan abinci ya san inda kowane kaya yake: kayan miya a Yankaba, kayan marmari a 'Yan Lemo, hatsi a Dawanau, kayan masarufi a Singa, nama kuma a abatuwa da sassafe. Ka ware mutum ɗaya amintacce da zai riƙa zuwa, ya saba da dila ɗaya ko biyu a kowane kaya, kuma ka riƙa biyan su a kan lokaci, saboda dilan da ba ka riƙe masa kuɗi shi ne zai ajiye maka kwando mai kyau ranar da kaya suka yi ƙaranci. Kada ka yarda a sayo fasasshen tumatir da ya fara ruɓewa don yana da araha. Kada ka karɓi manjan da jansa ya wuce misali, domin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha jan kunne a kan masu zuba masa rini, kamar yadda ta sha gargaɗi a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, da masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi.

Da damina, lokacin da tumatirin rani ya ƙare farashi ya tashi, za ka shiga jarrabawar da kowane mai wannan sana'a yake shiga. Hanyoyin gaskiya biyu ne: ko ka ƙara kuɗin faranti ka rubuta sabon farashin kowa ya gani, ko ka janye abincin da ba zai yiwu a yi shi da kyau ba har kaya su sauko. Hanya ta uku, wato a tsinka miya da ruwa a rage nama a ɓoye a bar farashi yadda yake, ita ce wadda kwastoma yake ganewa tun daga loma ta farko, kuma yawanci ba zai ce maka komai ba, sai dai ka daina ganinsa.

Bayan sayayya sai awo. Kowane abinci da ke cikin jerin abincin gidanka ya kasance yana da rubutaccen ƙa'ida a manne a bangon kicin: mudu nawa na shinkafa, gwangwani nawa na mai, dunƙulen magi nawa, daddawa da gishiri nawa, nama yanka nawa a faranti, miya ludayi nawa. A sayi sikeli a riƙa auna nama da kifi. Wasu kukun suna ganin wannan kamar raina gwanintarsu ne, sai a lallashe su da cewa takardar tana kare sunansu ne ranar da suka tafi biki ko suka kwanta ciwo, wani ya tsaya a kan tukunya. Kada kuma jerin abincin ya yi tsawo. Gidan da ya iya tuwon shinkafa da miyar taushe, da sakwara da agushi, da dafa-duka, da farfesu, da gasasshen kifi, ya fi gidan da ya rubuta abinci iri 60 alhali rabinsu a firiza suke kwana suna jiran mai tambaya.

Kafin a fara zuba abincin rana, misalin ƙarfe 11:30, manaja ya shiga kicin da cokali mai tsabta da ƙaramin faranti ya ɗanɗana komai. Ya ɗaga ludayin miyar kuka ya ga ko ta yi gudaji, ya matsa malmalar tuwo ya ji ko ta yi ruwa, ya murza ƙwayar shinkafa tsakanin yatsu ya ga ko ta caɓe ko ba ta gama dahuwa ba, ya sansana farfesu ya ji ko ƙarnin kayan ciki ya fita. Abin da bai yi ba, a gyara shi a lokacin ko a ce yau babu shi. Wannan aikin minti 10 ne, kuma ban san wani aiki a gidan abinci da ya fi shi riba ba.

Zafi, sanyi da lokaci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita kiyaye abinci a ƙa'idoji biyar: tsabta, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, ajiyewa a yanayin da ya dace, da amfani da ruwa da kaya masu kyau. Alƙaluman da ya kamata duk wanda ke kicin ya haddace su ne waɗannan: abinci ya dahu har cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a sarari. A garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma kicin ya fi waje zafi, awa biyun nan ma ta yi yawa.

Shinkafa ce ta fi yaudarar mutane. Akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafa ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki dafi, kuma sake ɗumamawa ba ya kawar da wannan dafin. Saboda haka babbar kular da aka cika da ƙarfe 10 na safe ana ta buɗe ta ana rufewa har la'asar ba wurin aminci ba ce. A dafa kashi-kashi: tukunyar farko don masu zuwa bayan azahar, ta biyu ta sauka wajen la'asar, ta uku don dare. Gas ko gawayin da za a ƙara bai kai asarar tukunya guda da za a zubar ba, balle a kwatanta shi da mutum 20 da za su kwana da ciwon ciki su wayi gari suna ambaton sunan gidanka.

Wutar lantarki ita ce babbar matsalar sanyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da janareto ya sa wasu suna kashe shi da zarar an rufe ƙofa, firiza ta kwana tana narkewa, da safe wuta ta dawo nama ya sake daskarewa kamar babu abin da ya faru. Naman da ya narke ya sake ƙanƙara yana rasa ɗanɗano, kuma yana iya cutarwa. Ka ware wa firiza da firji layinsu daban, ko da ƙaramin janareto ne ko sola, ka rage yawan buɗe su, ka sayi naman da zai ƙare cikin kwana biyu maimakon na mako guda. A rubuta ranar shigar kowane kaya a jikin ledarsa, wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Ɗanyen nama a ƙasa yake zama, dafaffen abinci a sama, don kada jini ya ɗiga a kansa. Katakon da aka yanka kaza a kai ba shi za a yanka kabeji da latas a kai ba, kuma ganyen salak a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, domin wasu lambunan cikin birni da ruwan kwata ake shayar da su. Man suya kuwa, da zarar ya yi duhu, yana kumfa, yana hayaƙi tun kafin ya yi zafi sosai, ya gama aikinsa.

Abin sha

A nan ne na fi son mai gida ya tsaya da kyau, saboda abin sha ba a sake dafa shi kafin a kai wa mutum, duk abin da ya shiga cikinsa kai tsaye zai shiga cikin mai sha. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da ya lalace da wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Darasin a fili yake: kada wani gari ko sinadarin da ba shi da suna da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki ya shigo gidanka, komai arahar sa. Tsamiya da lemon tsami da abarba sun isa su ba zoɓo duk tsamin da ake nema.

Ruwa shi ne tushe. Ko na famfo ne, ko na rijiyar burtsatse, ko na 'yan garuwa, ruwan da za a haɗa abin sha da shi a tafasa shi ko a tace shi da matacin da ake canja masa ciki a kan lokaci, tankin gida kuma a riƙa wanke shi, musamman da damina lokacin da kwalara take yawo. Ƙanƙara ma ruwa ce. Wadda ake saya a bakin titi don sanyaya kwalabe a cikin kula ba ita ce za a jefa a kofin mutum ba. Ƙanƙarar sha kuwa, gidan ya yi abarsa da ruwan da ya amince da shi, a ɗebe ta da cokali, ba da hannu ba.

Kunun aya ya fi kowane abin sha jawo kwastoma, ya kuma fi kowanne saurin lalacewa. A tsince ayar a fitar da tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi, a wanke ta har ruwan ya fito fari, a jiƙa ta, a sake wankewa kafin a markaɗa tare da dabino da kwakwa da citta da kanumfari kaɗan. Ya fi kyau gidan ya mallaki injinsa, domin injin unguwa da ya gama markaɗa attaruhu da wake zai bar warinsa a ciki ko da an ɗauraye shi. Da zarar an tace, a ɗura a sa a sanyi nan take, ba a bar shi a bokiti ana jiran a gama wani aiki ba. A yi daidai na yini ɗaya. Kunun ayar da ya kwana, ko wanda murfin robarsa ya kumbura, ko ya fara yauƙi, zubarwa ake yi. Zoɓo ya fi shi haƙuri saboda an tafasa shi kuma yana da tsami, amma shi ma kada ya wuce kwana biyu a firji. Fura da nono kuwa, a tabbata an dafa madarar kafin ta zama kindirmo, saboda ɗanyar madara tana iya ɗaukar cututtukan shanu, har da tarin fuka, a kuma dama furar da ludayi ko na'ura a gaban mai saye idan da hali.

Robobin da ake ɗura waɗannan abubuwa su zama sababbi masu murfin da ba a taɓa buɗewa ba. Tsofaffin robobin da yara suke tsintowa a wuraren biki da bola ba su da gurbi a gidan da yake karɓar kuɗin mutane da sunan tsabta. Game da sukari, a rage shi a tukunya a kawo ƙari a gefe, kuma a tanadi zoɓo da kunun da babu sukari sam, saboda masu ciwon suga suna da yawa a cikin manyan kwastomomi, kuma suna riƙe gidan da ya tuna da su. Lemon kwalba da na gwangwani a buɗe shi a gaban mai sha, a goge bakinsa, a duba ranar ƙarewarsa tun a sito. Idan mutum ya nemi mai sanyi alhali an daɗe da ɗauke wuta, a gaya masa gaskiya kafin a buɗe.

Maganar mashaya ta danganta da inda gidan yake. A Kano da sauran jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000, doka ta hana sayar da giya, kuma Hisba tana kamawa. A Abuja da Jos da makamantansu, ana samun gidan abinci da mashaya a ƙarƙashin rufi ɗaya da lasisin hukuma. Wanda yake tafiyar da irin wannan wuri ya raba ɓangarorin biyu a sarari, da kofunansu da wurin wanke su, yadda mai iyali da wanda ba ya sha za su ci abinci hankali kwance. Kada a zuba giya a girki ko a haɗin lemo ba tare da an rubuta ba, kada a sayar wa yaro, kuma wanda ya fara fita hayyacinsa a daina ba shi, a nema masa abin hawa. Dokar taba ta 2015 ta hana shan sigari a cikin gidajen abinci da mashaya sai a wurin da aka keɓe, don haka a keɓe shi nesa da masu cin abinci.

Hidima

Mutum yana yanke wa gida hukunci tun kafin abinci ya iso. Wanda ya shigo a tare shi da "sannu da zuwa" cikin minti ɗaya, a nuna masa wurin zama a teburin da aka goge, a kira shi da abin da ya dace da shi: Alhaji, Hajiya, Malam, Yallaɓai, Baba ga dattijo. Yaron da yake ce wa sa'an mahaifinsa "kai, me za ka ci?" ba mugu ba ne, ba a koya masa ba ne, kuma koyarwar aikin manaja ce. "Ranka ya daɗe, me za a kawo?" ba ta fi waccan tsawo ba.

Abu uku ne suka fi ɓata wa mai cin abinci rai, kuma duk ana iya magance su ba tare da kashe ko sisi ba. Na farko, a bar shi ya zaɓi abinci, ya jira minti 15, sannan a dawo a ce ya ƙare. Maganinsa shi ne kicin ya riƙa sanar da masu kai abinci duk abin da ya ƙare nan take, su kuma su faɗa tun kafin a tambaya: "Hajiya, a yi haƙuri, sinasir ya ƙare, amma akwai waina yanzu aka sauke." Na biyu, ƙaryar lokaci. Gasasshen kifi ba ya yiwuwa a minti 5, saboda haka a ce rabin awa, mai sauri ya zaɓi wani abu. Na uku, a kawo abin da ba shi aka ce ba, wanda rubutawa da maimaita wa mutum abin da ya ce suke hanawa. Idan mutane suna tare, a kawo abincinsu lokaci ɗaya, a fara ajiye wa babba, a miƙa da hannun dama, ruwan wanke hannu da sabulu su riga tuwo isowa. A tanadi ɓangaren iyali inda mata za su sake, da wurin sallah da buta da banɗaki mai ruwa, kuma wani ya riƙa duba banɗakin kowace awa, domin wanda ya ga ƙazanta a can ya riga ya ƙiyasta yadda kicin yake.

Duk wannan ba zai samu daga ma'aikacin da yake jin yunwa ko yake bin albashin wata biyu ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, kuma ko da ƙaramin gida ne, wannan adadi ya kamata ya zama abin dubawa ga mai gida. Ka biya a ranar da ka yi alkawari, ka ciyar da su abinci mai kyau kafin cunkoson rana, ka tsara musu hutu da lokacin sallah, kada ka mayar da kowane farantin da ya fashe dalilin yanke albashi. Wanda yake gudawa ko amai ya zauna a gida ba tare da an cire masa kuɗin ranar ba, in ba haka ba zai ɓoye ciwon ya zo ya taɓa abincin mutane. A yi musu gwajin lafiyar da jami'an duba-gari suke nema. Kuma idan kwastoma ya ci zarafin yarinyar da take kai abinci, mai gida ya tsaya mata a take, komai yawan kuɗin da mutumin yake kashewa, domin sauran ma'aikata suna kallo, kuma daga ranar za su san ko gidan nasu ne.

Lissafi da ƙorafi

Farashi ya kasance a rubuce, kuma abin da aka rubuta shi za a karɓa. Idan gidan yana ƙara harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020, ko wani kuɗin hidima, a bayyana a jikin takardar abinci, kada mutum ya fara ganinsa a rasit a gaban baƙinsa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane da yawa da kati ko tiransifa suke biya, don haka a tanadi na'urar POS fiye da ɗaya daga kamfanoni daban-daban, asusun kuma ya kasance da sunan gidan. A tabbatar da shigar kuɗi a wayar gidan, ba a hoton da aka nuna ba, amma idan sabis ya tsaya, kada a tsare mutumin kirki a bakin kanta kamar ɓarawo. A karɓi lambarsa a sallame shi da mutunci.

Idan aka kawo ƙorafi, ko gashi ne a miya ko nama bai dahu ba, a ɗauke farantin, a ba da haƙuri, a canja ko a cire shi daga lissafi, ba tare da musu ba kuma ba tare da an yi wa ma'aikaci tsawa a gaban jama'a ba. Binciken wanda ya yi kuskure a bayan fage ake yinsa. Amma tunda mafi yawan mutane kunya ba ta barin su yi magana, manaja ya riƙa tsayawa a wurin wanke-wanke yana duban farantan da suke dawowa. Idan faranti biyar a jere suka dawo an cinye tuwo an bar miya, ko an ture kifi gefe, to a koma kan tukunyar tun kafin a zuba wa na shida.

Da dare bayan an rufe, a buɗe littafi guda a rubuta abin da ya ƙare da wuri, da abin da ya yi saura, da abin da aka zubar, da ƙorafin da aka samu da yadda aka warware shi. Da wannan littafin mai sayayya zai san yawan abin da zai sayo gobe, da shi kuma kuku zai gane cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci tuwo ya fi tafiya, ranar Lahadi da yamma kuma kifi da kunun aya, sai ya daidaita tukwanensa da hakan.